Kafaɗar Justina

"Wata uku kacal," in ji Oga Alexander. "Ɗaki biyu nake so, ɗaya na kujeruna, ɗaya na 'yata. Nawa za ka karɓa?"

Baba Yamusa bai yi saurin amsawa ba. Ya dubi motar Oga, ya dubi takalminsa, sannan ya dube ni.

Ni ne Mika'ilu direba, ni na tsaya a tsakani. Wannan kuwa a ƙarshen shekarar 1991 ne, lokacin da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja. Ni na ɗauko kayan Oga a babbar motata. Muka iso muka tarar gidan da aka yi masa alkawari ko rufi ba a sa ba. Shi mataimakin darakta ne, an ba shi ɗaki a otal. To amma otal ba ya karɓar kushin da firiji, kuma 'yarsa Justina, wadda ƙaramar jami'a ce a ma'aikatarsu, ba ta samu kwatas, wato gidan ma'aikata, ba. Madam kuwa tana can Legas da ƙananan yara. Shi ne na ce akwai wani manomi Gbagyi, wato Bagwari, a Karu da na taɓa ɗaukar masa doya, gidansa gidan mutunci ne.

"Ba na son kuɗi," in ji Yamusa. "Kuɗi ruwa ne. Ka ga yaron can? Jonah, ɗana na fari. Ya gama sakandare, ga shi yana fama da fartanya. Ka sa shi aikin gwamnati."

"Masinja fa zai samu."

"Ko shara ne. In dai da kaki."

Na ga murmushi ya kuɓuce wa Oga. A ransa ya sami banza, ɗaki biyu babu ko sisi.

"Na yarda."

"Na sallama," in ji Yamusa.

Oga ya miƙa masa kan yatsu. Mama Hansatu, matar gidan, ta kawo ruwa a ƙwarya ta durƙusa. Oga ya ce yana da nasa a mota. Ni na karɓa na shanye, nawa da nasa.

Na yi yawon duniya, boko ne dai ban yi ba. Abin da na gani shi ne baƙo iri biyu ne. Akwai mai zuwa da buhu, shi ke gaisuwa. Akwai mai zuwa da mota, shi kuma jira yake a gaishe shi. Ni na buhu ne. Da na ga aikin dako ya dawo Abuja, na tambayi Yamusa ina zan shimfiɗa tabarma, ya nuna mini wani ɗan ɗaki kusa da rumbu, ba ciniki ba komai. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Washegari Asabar, Justina ta fito da tawul a wuya tana neman famfo. Doguwa ce, idonta a tsaye, Hausarta kuwa irin wadda ta daɗe a Legas ce, duk ta karkace.

Ta hango Jonah yana wasa fartanya.

"Kai! Boy! Kawo mini ruwa."

"Sunana Jonah."

"To Jonah, ruwa!"

"Ofis sai Litinin, Madam. Yau Asabar, kuma nan gidan ubana ne. Ga rijiya can."

"Ka san ko ni wace ce?"

"Na sani mana. Mai gadin kujeru."

Ta fizgi bokiti ta tafi a fusace. Ta cika shi, ta yi ta kokawa har ta ɗora a ka, ta yi taku biyu... sai shaaa! Ta jiƙe tun daga gashi har silifas. Matan da ke bakin rijiya suka kwashe da dariya har da riƙe ciki.

Ta dawo tana huci. Mama Hansatu ta tare ta da zane busasshe.

"Yi haƙuri, 'yata. Ba ruwan da ya zube suke wa dariya ba. Kan da kika ɗora wa kaya suke wa."

"To a ina zan ɗora?"

"Nan." Ta dafa mata bayan kafaɗa, kusa da wuya. "Mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya. Kai shi ne babba a jiki, shi ke ɗauke da tunanin mutum, kayansa sun ishe shi. Tun da uwata ta haife ni, in ban da ɗankwali babu abin da ya taɓa hawa kan nan."

Jonah ya ce daga nesa, "Sannu, Madam Bokiti!"

"Zan gamu da kai ranar Litinin!"

Ta kuwa gamu da shi. Ranar ta aike shi sama da ƙasa har ƙafarsa ta kumbura. Da yamma suka sauko daga motar ma'aikata, ita a kujerar gaba, shi a tsaye a baya. Suna shiga gida Mama Hansatu ta ce, "Justina, miƙo mini barkono, ki zo ki kama mini daka."

Haka zaman ya kasance. A ofis ita ke aikensa, a gida uwarsa ke aikenta.

Wata uku suka wuce, gidan Oga bai ƙaru da komai ba sai ciyawa. Damina ta zo ta wuce. Oga yakan leƙo jefi-jefi, ya ɗaga ledar da aka rufe kujeru, ya shafa, ya duba ko ɓera ya taɓa. Sannan ya juyo.

"Kina lafiya?"

"Lafiya, Dadi."

"Good."

Sai mota. Da ya dubi 'yarsa rabin yadda yake duban kushin, da ya ga ta fara ƙiba, da ya ga Hausarta ta miƙe, da ya ga wani ɗan baƙin tabo a bayan kafaɗarta. Ta koyi ɗaukar ƙwarya a can, da itace a ciki, tana tafiya tana hira kamar a Karu aka yanke mata cibiya.

Ni kuwa na gani. Na kuma ga yadda faɗansu da Jonah ya daina zama faɗa.

Wata ranar Lahadi bayan coci na je gonar Yamusa ɗaukar doya, na same su a gindin ɗorawa suna gasa wata, ba su ma ji zuwana ba.

"Kin ƙona ta."

"Kai ka hana ni kula, da surutunka."

"Madam Bokiti, ko doya ba ki iya gasawa ba, wa zai aure ki?"

"Wani masinja mara kunya."

Ya daɗe yana tona toka da tsinke.

"Justina... kar ki yi mini wasa da wannan maganar. Zuciyata ba ta san wasa ba."

"Wa ya ce maka wasa nake? Dube ni, Jonah. A Legas samari suna zuwa da mota, su gaishe da Dadi, su gaishe da kujerarsa, ni ko idona ba su san launinsa ba. Kai ne mutum na farko da ya ce mini je ki ɗebo da kanki."

"Shi ne abin so?"

"Shi ne. Ina son ka, ɗan rainin hankali. Ina son ka har ina jin haushin kaina!"

"Ni kuma tun ranar da bokiti ya yi miki wanka ban ƙara barci mai daɗi ba, masoyiyata."

Na yi tari, na ce ina buhunan suke. A raina kuwa na ce, Allah Ya kyauta.

Ba a daɗe ba masu awo suka zo. Suka kafa duwatsun siminti a gonar Yamusa, suka ce nan hanya za ta bi, can kuma gidaje. Katafila ta zo ta baje kunyoyin doya kamar ana share tabarma. Abin da aka ba shi na diyyar amfanin gona bai kai su wata damina ba. Tsoho ya koma zaman gindin rumbu, rumbun kuma babu komai a ciki.

Daga ranar tukunyar gidan ta koma kan albashin Jonah. Ƙannensa, makarantarsu, maganin Baba, duk shi.

Sai ga labari gidan Oga ya kammala, ranar Asabar za a zo kwashe kaya, har Madam ta iso daga Legas.

"Zan gaya wa Dadi maganarmu," Justina ta ce wa Jonah.

"Ki bari tukuna."

"Sai yaushe?"

"Sai an tabbatar da ni a aiki. Yanzu da baki kawai zai kore ni."

"Tsoro kake ji?"

"Ni ɗan fari ne, Justina! Ke in kin yi fushi kina da gidan zuwa. Ni in na yi fushi, yaran nan me za su ci? Dutsen siminti?"

"To ni fa? Ni ba komai ba ce?"

"Ke ce komai... amma ki ba ni lokaci, don Allah."

"Lokaci! Kowa a Abujar nan lokaci yake nema!"

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

Ranar Asabar na kawo mota na juyo da bayanta ƙofar gida. Madam Christina ta fito daga motar Oga da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo sama, tana taka ƙasa kamar ƙasar za ta ɓata mata ƙafa. Ba ta taɓa zuwa Karu ba. Ba ta gaishe da kowa ba, sai umarni.

"A hankali da tebur ɗin nan! Kai, ba haka ake riƙe madubi ba!"

Maƙwabta sun fito kallo. Jonah da kakinsa yana ta jido. Mama Hansatu ma, don kara, ta kawo ƙwaryarta za ta taimaka. Ta sunkuya za ta gyara zane kenan, Madam ta ɗago wani kwali mai cike da farantan tangaran.

"Mama, tsaya da kyau. Ba a wuyan nan naku za ki ɗauka ba, ki fasa mini. Ga yadda mutane ke yi."

Ta dire mata shi a tsakiyar ka. Har da dannawa, don ya zauna.

Wallahi ko kaza ba ta ƙara motsi a gidan ba.

Ba na ce Madam ta san abin da ta yi ba. A Legas kowace 'yar dako a ka take ɗauka. Amma da ta yi gaisuwa, da ta zauna ta sha ruwa, da wani ya gaya mata.

Mama Hansatu ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta a sake, kwali a kanta, a gaban surukanta da 'ya'yan maƙwabta. Hawaye kawai ke bin kumatunta.

Jonah yana riƙe da kujera. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi... amma bai motsa ba.

"Momi!!"

Justina ce. Ta zo a guje ta sauke kwalin, ta zube a gaban tsohuwar ta riƙe ƙafafunta.

"Mama, ki yafe... ba ta sani ba, Mama, ki yafe mana!"

"Ke! Tashi daga ƙasa!" in ji Madam. "Wace ce mamarki a nan?"

Justina ta miƙe. Ta share ido da bayan hannu.

"Ita. Uwar mijin da zan aura ce."

"Mijin da za ki me?"

"Jonah zan aura."

Oga Alexander ya cire tabarau a hankali. Bai yi ihu ba, irinsu ba sa ihu.

"Masinja. Zo nan."

Jonah ya ajiye kujera ya zo.

"Abu biyu ne. Ka ce yarinyar nan shirme take, ka ci gaba da lodi, Litinin ka zo aiki. Ko ka ce gaskiya ne, ka tuɓe mini kakin nan yanzu. Ina jin ka."

Jonah ya dubi Justina. Ya dubi ƙannensa da suka raɓe a jikin bango. Ya dubi rumbu. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Babu... babu komai tsakanina da ita, sir."

"Da ƙarfi."

"Babu komai tsakanina da ita, sir!"

Justina ba ta yi kuka ba a lokacin. Kallo ɗaya ta yi masa, irin wanda gara mari da shi. Ta ƙi shiga motar ubanta, ta hau gaban tawa. Sai da muka hau kwalta sannan ta fashe.

"Baba Mika'ilu, duk haka kuke? Duk maza haka kuke?"

"'Yata, wani lokaci ba mutum ke magana ba, yunwa ce ke ara bakinsa."

"To ya auri yunwar!"

Na mai da hankalina kan tuƙi, don direban kirki ya san inda ake taka birki.

Jonah ya tsira da aikinsa. Oga ya sa aka mai da shi wani bene inda ba zai haɗu da ita ba. Wata ya ƙare, ya sayo dawa da manja da kifi, aka yi tuwo. Aka kai wa Mama Hansatu nata.

Ta tura kwanon gefe.

Washegari ma haka. Ta koma shiga daji tana yo itace, ta ɗauko a kafaɗa ta kai kasuwa, abin da ta samu ta sayi garin kwaki ta jiƙa. Tsohuwa ta fara ramewa a gaban idonmu.

"Mama, me na yi miki?" in ji Jonah. "Ki ci abinci!"

"Tuwon nan nauyi gare shi. In na kai baki, a kaina nake jin sa."

"Saboda ku na yi! Saboda ke da yaran nan na ƙaryata yarinyar da nake so kamar raina!"

"Wa ya aike ka?"

"Mama..."

"Na ce wa ya aike ka? Yarinyar mutane, baƙuwa, ita ta sauke mini kaya. Ɗan da na haifa yana tsaye yana rungume da kujera. Sannan ka buɗe baki ka kunyata ta a gaban gari, ka ce don ni? Kafin a yi gwamnati muna cin abinci, Jonah."

Baba Yamusa, wanda tun zuwan katafila ba ya doguwar magana, ya gyara zama.

"Ni na yi cinikin nan. Ɗaki na bayar. Ban sa kan matata a ciki ba, ban sa bakin ɗana ba. Sun ɗauki gona, ban iya hanawa ba. Wannan kuwa ina iyawa. In don mu kake sa rigar nan, mun yafe."

Jonah ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, wurina ya zo.

"Baba Mika'ilu, motarka tana da mai?"

"Tana da shi. Kai kana da zuciya?"

Ranar Lahadi da rana muka tsaya a ƙofar sabon gidan Oga a Garki. Mai gadi ya so ya hana, na ce masa ni na kawo duk abin da ke cikin gidan nan, har kujerar da yake zaune a kai. Muka shiga.

Oga yana kan kushin ɗin nan dai, yana karanta jarida. Jonah ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye kaki a ninke a kan tebur, an wanke an goge.

"Mene ne wannan?"

"Na zo gyara magana, sir. Ranar nan ƙarya na yi. Ina son Justina, kuma aurenta nake nema. Iyayena za su zo yadda aka saba, in ka ba su rana."

Oga ya yi wata 'yar dariya.

"Ba gona, ba aiki. Da me za ka ciyar da ita? Da ƙwarya?"

"Ina da albashi, Dadi."

Justina ce, tana tsaye a bakin ƙofar ciki. Ta rame ita ma. Jonah ya miƙe zumbur.

"Justina... zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni! A nan za ka faɗa, a falo, daga kai sai labule? A gaban Karu ka ce ba ka san ni ba. A gaban Karu za ka gyara!"

"Zan gyara."

"Da ƙarfi, yadda ka yi wancan!"

"Har sai an ji a Nyanya."

Ta dube shi, dariya da kuka suna kokawa a fuskarta. Ta juya ciki. Can sai ga ta da akwati. Madam ta biyo ta tana salati irin nasu, tana kiran sunan Yesu.

"Justina, kin haukace? Masinja! Ɗan ƙauye! Me za mu ce wa mutane?"

"Ki ce musu na auri ɗan matar da ta riƙe ni shekara guda da wani abu, ba ta taɓa tambayar ko nawa ne albashin ubana ba."

"In kika fita ƙofar nan," in ji Oga, "kin fita kenan."

Sai ta ajiye akwatin, ta zo ta durƙusa a gabansa. Muryarta ta yi laushi.

"Dadi, ba gudu zan yi ba. Gidan matar fasto zan sauka har a ɗaura aure. Ina son ka zo, ina son hannunka ne zai ba da ni. Ka san gidan Baba Yamusa... kai ka kai ni."

Bai ɗago daga jarida ba. Amma na lura a juye yake riƙe da ita.

Na kai hannu zan ɗauki akwatin, ta ce in bari. Ta sunkuya, ta cilla shi bayan kafaɗa, ya zauna daram.

"Dubi!" in ji Madam. "Dubi yadda take ɗaukar kaya kamar Bagwariya!"

"Eh, Momi. Kaina yana da aiki. Yau ma shi ya yi mini tunani."

Ta fita tana takawa ɗaiɗai, ta wuce mai gadi, ta wuce motocin maƙwabta, ba ta waiwaya ba. Sai a cikin mota ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan ubanta, tun daga Garki har muka gangara Karu.

A bakin kasuwa na tsaya, na danna ham har mutane suka taru. Jonah ya hau bayan mota.

"Jama'ar Karu! Ni Jonah ɗan Yamusa, ranar nan na yi ƙarya! Akwai komai tsakanina da Justina! Akwai komai da komai!"

"Ba mu ji ba!" in ji wata mai tumatir.

"Ina son ta!!"

Mata suka ɗauki guɗa. Mama Hansatu ta ratso taro, ta rungume yarinyar, ta ce, "Sauke akwatin, 'yata, kin iso." Ranar tsohuwa ta ci tuwo har da neman ƙari. Da kuɗin itacenta aka sayi dawar.

An ɗaura aure a cocinsu bayan girbi. Kujerar uban amarya babu kowa a kai, wani kawunta ne ya zo daga gida ya ba da ita. Amarya tana murmushi tana leƙen ƙofa har aka tashi. Ni Musulmi ne, a waje na tsaya, kuma ni ma hanya nake kallo. Bai zo ba.

Sun sha wuya, kar wani ya ce maka ba su sha ba. Albashinta shi ya riƙe gidan, har da masu yi wa Jonah gorin mijin ma'aikaciya. Ya haɗiye, ya bi ni ya koyi tuƙi, muna sayo doya a ƙauyuka muna kaiwa Zuba. A hankali ya tsaya da ƙafarsa.

Madam ta sauko da aka haifi 'yar fari, Lydia. Ta zo ta gaishe da Mama Hansatu a tsugune. Ba ta ce a yafe mata ba, ita ma tsohuwar ba ta nema ba.

Oga kuwa sai bayan ya yi ritaya, bayan Baba Yamusa ya riga mu gidan gaskiya. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga mota ta tsaya daidai inda ta tsaya ranar ciniki. Ya sauke gilashi. Ya tsufa, wuyan riga ya yi masa yawa. Bai fito ba, bai kuma tafi ba.

Mama Hansatu ta leƙo ta gan shi, ta koma ciki. Can sai ga wata 'yar yarinya ta fito da ƙaramar ƙwarya a bayan kafaɗa, tana tafiya a hankali kar ruwan ya zube. Ta tsaya a jikin mota.

"Kaka ta ce sannu da zuwa, baƙo. Ga ruwa."

Oga ya dube ni.

"'Yar wa ce?"

"Dubi idon mana, Oga."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya miƙo hannu biyu ya karɓi ƙwaryar, ya kafa kai, ruwa yana zuba a rigarsa, hawaye yana zuba a ruwan. Sai ga Justina a bakin ƙofa, hannunta duk gari.

"Dadi..."

Ya buɗe mota ya fito.

To, ni da na tsaya a tsakani, bari in faɗi yadda ciniki ya tashi. Yamusa ya ba da ɗaki don kaki, kakin bai zauna ba, gonar ma ba ta dawo ba, yau manyan gidaje ne a wurin. Amma ya mutu a hannun suruka wadda ta yi masa jinya kamar ita ya haifa. Jonah ya rasa fansho, ya sami mata. Justina ta sami mijin da ta zaɓa, ta biya da kujerar da ba a zauna ba ranar aurenta, kuma har yau in an tuna sai idonta ya cika.

Oga Alexander shi ya ɗauka ya fi kowa cin riba. Ɗaki biyu kyauta, kujerunsa suka fita ko ƙwarzane babu. Sai dai ya yi shekaru yana zaune a kansu cikin kewa, 'yarsa tana nan Karu, tafiyar da ba ta kai a sha mai ba. Ruwan da aka ba shi ranar farko shi ya dawo ya sha, bayan wanda ya kamata ya gode wa ya riga ya kwanta dama.

Ni kuwa ko la'ada ban karɓa ba. Na zo da buhu, na yi gaisuwa, kuma har yau a gidan ake zuba mini tuwo.